Rufin Masallacin Kafin Ɗinya

Ku samarin yanzu, in kun ga magini ya raba ƙafafu a kan katanga kamar mai hawan jaki, ana jefa masa tubali daga ƙasa yana cafewa, sai ku ce ai wannan kowa ma zai iya. Jiya ma na ji ɗayanku yana cewa gini ba komai ba ne illa laka da ƙarfin damtse. Ban tanka masa ba, don a lokacin ina cin goro. Yau bakina babu komai, saboda haka ku gyara zama.

Shekara uku na yi a hannun kawuna Barau, a nan Gaya, ban ɗora tubali ko ɗaya ba. Aikina kwaɓa ƙasa ne. A haƙo ta daga kududdufi, a farfasa, a zuba ruwa, a watsa busasshiyar ciyawa, in shiga in yi ta tattakawa har in daina jin ƙafafuna. Sai a rufe ta ta kwana biyu ko uku, a buɗe, in sake shiga. Kawu yakan zo ya ɗebi kaɗan ya murza a yatsa, ya shinshina, wani lokaci ya ɗanɗana. In ya tofar ya wuce, ƙasa ta yi. In ya tofar ya tsaya, da sauran tattaki. Ba mutum ne mai yawan magana ba, kuma ban taɓa jin ya yabi wani abu ba in ban da fura.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Fartanya da kwando, gizago na sassaƙar azara, igiya, tsani, sai hannu, wanda shi ne babbansu. Awo kuwa a jikinka yake, kamu da ɗani da taki. Akwai kuma wani dogon tsinken ƙarfe da wani maƙeri ya ƙera wa kawu, tsawonsa kamu uku, wanda yake sokawa a rufin soro don ya san kaurin ƙasar da ke kai. Shi na gada a wurinsa, tare da magana guda da yake maimaitawa duk lokacin da muka hau rufi: kafin ka ɗora komai a nan, sauka ka duba azara ko za ta ɗauka. Azara dai kun san ta, tsagin itacen giginya da ake jerawa a shimfiɗa zana a zuba ƙasa a kai. Gara ba ta cin ta, amma tana da iyakar abin da take iya ɗauka.

Masu ba da aiki kuwa, ban taɓa gamuwa da wanda bai fi ni sanin gini ba. Mutum zai aika a kira ka daga tafiyar yini guda, ka zo, ya tsaya a gindin tsani ya yi ta gaya maka inda za ka sa hannu. Wani mai fataucin goro a Gafasa ya sa na yi masa zaure, sharaɗinsa guda ne, ya fi na maƙwabcinsa tsawo da kamu ɗaya. Kafin jakina ya huta maƙwabcin ya ƙara wa nasa tsawo da zankwaye a kusurwoyin rufi, sai da na koma. Irin waɗannan ba sa cutar da kowa sai kansu. Waɗanda suka kusa sa ni in ɗauki alhakin rai, mutanen kirki ne, kuma don Allah suke yin abin da suke yi.

Kafin Ɗinya ƙaramin gari ne, in ka wuce Ajingi ka nufi wajen Toranke sai ka ratse. Duk tarihinsa a masallatansa uku yake. Na farko yana kufai, inda kakanninsu suka fara zama a warwatse a gindin itatuwan ɗinya. Yanzu tudu ne kawai, ana shuka gero har gefensa, amma ba mai hawa kansa da fartanya. Na uku ɗan ƙarami ne a zango, fatake suka gina don kada su riƙa shiga gari da jakunansu. Na biyun shi ne babba. An gina shi ne lokacin da tsoron mahara ya tattara su wuri guda suka yi kafi, kuma da shi suka fara tun maigari bai sami ɗakin kwana ba. Sun ce wani magini ne daga wajen Borno ya yi shi, ya tashi bai bar suna ba. Ko wane ne, ya san aikinsa. Bakan gizo huɗu ya ɗaure daga bango zuwa bango, su suke riƙe da rufin, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, kuma sahu biyar yake ci.

Duk bazara kafin ruwa ya sauka sukan yi gayyar yaɓen rufin. Wannan ko'ina ana yi. Abin da ba a yi ko'ina shi ne yadda suke raba aikin. A masallacin nan kowane gida yana da gurbinsa a sahu, inda kaka ya tsaya nan jika yake tsayawa, kuma kowane gida shi yake yaɓe daidai saman gurbinsa. Ba a taɓa kankare tsohon yaɓe ba, sai dai a ɗora sabo a kai. A ganinsu, duk wanda ya sa laka a rufin nan, muddin lakar tana kare masu salla daga ruwa, ladansa yana gudana ko yana kabari. Wa zai sa fartanya ya cire wa ubansa lada? Sannan kuma maƙwabci yana kallo. Babu mai zuwa da kwando biyu alhali na kusa da shi ya zo da uku.

Shekarar da suka kira ni ita ce ta bayan fara. Fara ta cinye mana gero tun bai fitar da kai ba, kuma mutumin da rumbunsa yake wayam ba ya tunanin sabon zaure. Tun daga kaka har ƙarshen rani ban taɓa laka ba sai ta gyaran murhun matata. Kawu ya riga ya rasu. Ina da mata da 'ya'ya huɗu da gyatuma, muna ta fama da tafasa da rama. Ana cikin haka sai ga wani mutum daga maigarin Kafin Ɗinya, ya ce masallaci yana yoyo a sahun gaba, daidai kan liman, suna neman wanda ya iya laso. Laso shi ne yaɓen da ruwa ba ya ratsawa, katsin marina ake ƙonawa a daka, a haɗa da gashin jima da ruwan wani tsiro da ake kira dafara. Ba kowa ya iya ba, ni kuwa na iya. Ya ƙara da cewa su fara ba ta yi musu ɓarna sosai ba, kuma da hatsi za su sallame ni. Kafin ya rufe baki na ɗaura wa jaki kaya.

Da na hau rufin sai na tsaya ina kallo. Ban taɓa ganin rufi mai tuddai ba sai ranar. Daga sama za ka san kowa a garin ba tare da an gabatar maka da shi ba. Can baya, saman sahun baƙi da waɗanda ba su da ƙarfi, ƙasar ba kauri. Tana tahowa gaba tana tashi. Saman gurbin maigari tudu ne da akuya za ta ji daɗin hawa, na sarkin fawa yana biye da shi, ka ga alamar shekara da shekaru ana gasa. Tsakanin tudu da tudu kwari ne, ruwa yana kwanciya a ciki, bai san hanyar indararo ba. Na soka tsinken kawu a baya, ya taɓa azara a ɗani ɗaya da 'yan yatsu, yadda ya kamata. Na soka a gaba, ya shige kamu biyu da rabi. Na zare na sake sokawa a gefe, don na ɗauka rami na samu. Amsar ba ta sauya ba.

Na sauka na shiga ciki. Azarar gaba duk ta yi ciki kamar tsohon gadon kara. Bakan gizo na farko, wanda yake saman sahun gaba, ya tsage a kafaɗa, tsagin da tsinken tsintsiya zai shiga. Na sa kunne a jikinsa, ba don zan ji wani abu ba, sai don in sami lokacin tunanin yadda zan gaya musu.

A zauren maigari na gaya musu. Akwai shi, akwai liman Malam Isiyaku, da sarkin fawa, da dattawan sahun gaba. Na ce rufin nan ba ƙasa ya rasa ba, yawa ta yi masa, kuma maganinsa a kankare kamu biyu daga gaba a sauke, a gyara wa ruwa hanya, sannan a yi laso. Na ce in ba haka ba wata rana zai sauko da kansa, kuma ba zai tambaya ko akwai mutane a ƙasa ba. Maigari ya tambaye ni ko na ci abinci. Sai wani dogon dattijo daga gefe ya ɗago kai. Sunansa Malam Sambo, manomi ne, shekarunsa sun kai sittin, gurbinsa na biyu daga hannun daman liman.

Ya ce, "Magini, an kira ka ne ka toshe yoyo. Ba a kira ka ka tone mana iyaye ba."

Kowa ya gyaɗa kai, magana ta ƙare a nan.

Da muka fita liman ya ja ni gefe ya ba ni labarinsa. Sambo yana ɗan shekara bakwai ubansa, Malam Bawa, ya yaɓe saman gurbinsa wata safiya, ya wanke hannu, ya bi ayari gabas zuwa Makka a ƙafa. Bai dawo ba, ba a ji labarinsa ba, ba a san ƙasar da ta rufe shi ba. Liman ya ce kowa a garin nan yana da kabarin da zai je ya tsaya ya yi wa ubansa addu'a, Sambo kaɗai ne ba shi da shi, sai rufin nan. Na ce, to Allah gafarta Malam, me littafi ya ce game da cire tsohon yaɓe? Ya ce littafi yana goyon bayana, amma ni gobe zan koma Gaya, shi kuwa a nan yake kwana tare da su.

Nan ne na yi abin da nake so ku ji da kyau. Na san gaskiya, na kuma san abin da na baro a rumbuna. Na yi musu laso. Na ɗora wa azarar da take nishi ƙarin kaya, na bi tudu da kwari na shafe su sumul, aikin ya yi kyau ƙwarai. Suka yaba, suka ɗora wa jakina hatsi. Kunya na ji tun daga ƙofar kafi har Gaya. Tuwon hatsin nan bai yi mini daɗi ba ko sau ɗaya, ko da yake ban bar saura ba.

Daminar da ta biyo kamar ramuwa take yi. An yi ruwan da na daɗe ban ga irinsa ba. Katanga nawa ta kwanta a Gaya, har da biyu daga cikin nawa, amma ba su ne suka dame ni ba. Laso yana riƙewa ne in abin da ke ƙarƙashinsa a tsaye yake. In azara tana lotsawa sai ya tsage, ruwa ya bi tsagin, ƙasa ta sha ta ƙoshi, ita kuwa jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyinta ba ɗaya yake da na busasshiya ba. Duk hadarin da ya haɗu a gabas sai in ga sahun gaban nan a idona, mutum goma sha biyu da liman a gabansu. Tsoro nake ji, ba na ɓoye muku. Da marka ta yi kwana uku ba ta ɗauke ba, ban jira an kira ni ba, na ɗauki tsinken kawu na kama hanya.

Na isa gab da azahar, ana yayyafi. Tsagin da a da tsinken tsintsiya yake shiga, yanzu hannuna ya shige har wuya. A kan buzun liman akwai ɓurɓushin ƙasa. Na tambayi ladan, ya ce kullum da safe sai ya share, jemagu ne suka yi yawa bana. Na duba ko'ina ban ga jemage ko ɗaya ba, da alama su sun riga sun gane.

Aka kira salla, mutane suka taho. Na tsaya a bakin ƙofa na ware hannuwa na ce babu mai shiga. Baƙo ya tare wa mutane ƙofar masallacinsu ba ƙaramin abu ba ne, kuma sarkin fawa ya fara naɗe hannun riga. Sai na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun bazara.

Na ce, "Lason da na yi muku, tun ina yin sa na san ba zai riƙe ba. Yunwa ce ta sa na yi shiru. Duk wanda ya tsaya a sahun gaba yau, alhakinsa a wuyana yake, ni kuwa wuyana ba zai ɗauka ba."

Liman ya dube ni, ya sunkuya ta ƙarƙashin hannuna ya shiga. Ya je ya sa nasa hannun a tsagin, ya ɗan jima, ya ɗauko buzunsa ya kakkaɓe, ya fito ya shimfiɗa shi a gindin ɗinyar ƙofar masallaci. Mutane suka bi shi suka yi sahu cikin yayyafi. Mutum ɗaya ne bai bi ba. Malam Sambo ya ture hannuna a hankali, ya wuce gurbinsa, ya ta da kabbara shi kaɗai a ƙarƙashin tsagin.

Ban ga yadda zan bar shi a ƙarƙashin aikina in tsaya a waje ba. Na shiga na tsaya a damansa na bi shi. Allah Ya yafe mini, ban san surar da na karanta ba, hankalina duk yana kan azara. Shi kuwa bai yi sauri ba ko kaɗan, har na yi zargin da gangan yake jan sujada. Muna sallamewa wani ɗan curin ƙasa ya faɗo masa a gwiwa. Ya ɗauka ya murza a yatsa.

Ya ce, "Na gani, Magini. Ni ba makaho ba ne. Amma in ka zubar da ƙasar nan a kududdufi, ina zan ce ubana yake?"

Gaskiya har lokacin ban taɓa tunanin inda ƙasar za ta ba. Ni dai burina ta sauko. Da ya yi tambayar sai na ɗaga kai na dubi bakan gizon, na ga ko an rage masa kaya ba zai koma yadda yake ba, dole ya sami ginshiƙi a ƙarƙashinsa. Ginshiƙi kuwa ƙasa yake ci, kuma duk magini ya san babu ƙasar da ta kai tsohuwar ƙasar gini kyau, don ta riga ta ruɓe ta kwanta. Na ce masa wa ya ambaci kududdufi? Ƙasar ba za ta fita daga masallacin ba. Ta shekara da shekaru tana ɗora masa nauyi, yanzu sai ta sauko ta riƙe shi. Ya ce a tambayi liman. Liman ya ce bai ga dalilin da ladan abin da yake riƙe rufi zai gaza na abin da yake rufe shi ba. Maigari ma ya yarda, bayan ya tabbatar da gefen ginshiƙin da ƙasar gidansu za ta kasance.

Ranar muka sari kututturen giginya biyu muka tokare bakan gizon. Sauran daminar a masallacin fatake suka yi salla, a takure, kuma dattawan sahun gaba suka ɗanɗani tsayawa inda suka samu. Wasu ba su yafe mini wannan ba har suka mutu.

Bayan an gama shigar da hatsi muka fara. Kowane gida ya hau ya sauke tudunsa, ya tara daban, aka sa mai gadi kada tarin wani ya gangaro cikin na wani. Abin da ban zata ba shi ne yadda yaɓen yake ɓamɓarowa shekara-shekara, kowace da kamarta. Dattawa suka tsuguna a bakin inda aka yanka suna nunawa da tsinke. Wannan jan, shekarar da aka buɗe kududdufin gabas. Wannan baƙin mai toka, shekarar da gobara ta ci rabin gari. Ga wasu siraran uku a jere, lokacin da mahara suka hana fita bayan kafi, aka yi yaɓe da abin da aka samu a ciki. Ga wani wanda babu ciyawa a cikinsa ko ƙwaya, shekarar da aka ba dabbobi har jinkar ɗaki. Suka yi ta musu a kan wace ta riga wace, aikin yini biyu ya ci mana kwana shida.

Na Malam Sambo kuwa, ya ce fartanya ba za ta taɓa shi ba. Da wuƙa na yi shi, ni da shi, shi yana ƙirga nasa yaɓen baya-baya. Muka wuce nasa, muka shiga na ƙanen ubansa, wanda ya riƙe gurbin har Sambo ya girma. Ya gaya mini abu biyu da za mu gane na uban da su. Na farko, Malam Bawa ba shi da yatsan tsakiya a hannun dama, gatari ya cire shi tun yana saurayi. Na biyu, yaɓen nasa ruwa bai taɓa dukansa ba, don a gaggauce ya yi shi, ayari yana jira, kuma bayan kwana biyu ƙanen ya ga bai yi kauri ba ya hau ya ɗora wani a kai. Ni dai ban sa rai ba. Shekara hamsin da wani abu ba wasa ba ne ga laka.

A rana ta huɗu da hantsi na sa bakin wuƙa, wani falle ya ɗago gaba ɗaya. A ƙarƙashinsa ga shatin hannu kamar jiya aka shafa, layi ɗaya, sai fili, sai layi biyu, ya tafi ya karkato ya sake tafiya. Malam Sambo ya hure ƙurar da ke kai. Ya ɗora nasa hannun a kan shatin, hannun ya rufe shi duka har da saura. Ya daɗe a haka.

Ya ce, "Ashe hannunsa ƙarami ne."

Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na sauka daga tsani na je neman igiyar da take rataye a kafaɗata.

Na yanko wurin kamu ɗaya ta kowane gefe, muka naɗe shi a mayafi muka sauko da shi cikin kwando. Liman ya ce kada a bar shi a fili, don ya san mutanensa, kafin shekara za a fara zuwa shafawa. Saboda haka a cikin ginshiƙin na sa shi, fuskarsa tana kallon ciki, daidai kafaɗar mutumin da yake zaune, ta gefen gurbin Sambo, na jera tubali na yaɓe. Ginshiƙin kamu biyu ne ta kowace fuska, kuma duk tubalin da ke cikinsa daga saman rufin ya sauko. Rufin na bar masa ɗani ɗaya da 'yan yatsu tun daga gaba har baya, na karkata shi wajen indararo, na yi laso na gaskiya. Liman ya sanar cewa daga yau ba mai ɗora laka a sama sai ya kankare ta bara. Suka ce sun ji.

Shekara goma sha biyu ban koma ba. Wata bazara aiki ya kai ni Toranke, a hanyar dawowa na ratse don in yi la'asar. Kafin in yi alwala sai da na hau rufin da tsinken kawu. Ɗani ɗaya da 'yan yatsu, gaba da baya. Na ce lallai mutanen nan sun cika alkawari. Da na shiga ciki sai na ga inda gayyar ta koma. Ginshiƙin da na bari kamu biyu ya yi ƙiba har ya cinye gurbin mutum biyu a sahun gaba da ɗaya a na biyu. Gefen maigari ya yi tumbi, na sarkin fawa yana biye da shi. Na zagaya na duba gindinsa. A ƙasa yake zaune, ita kuwa tana ɗauka, saboda haka ban ce musu komai ba.

Fuska ɗaya ce ba a ƙara mata ko yatsa ba. Yaɓena ne a wurin har yanzu, sai dai ya lotsa ya yi santsi yana ƙyalli, daidai inda kafaɗa take jingina. Ina tsaye ina kallo sai ga wani mutum mai furfura a gemu da kwandon laka a ka. Ya sauke ya gaishe ni, ya ce shi ne Habu, babban ɗan Malam Sambo, tsohon ya rasu da kakar da ta wuce.

Ya ce, "Baba Magini, yana raye ya hana a taɓa nan. Yanzu ga gayya ta zo, kowa ya yaɓe nasa, saura mu. In yaɓe?"

Na tambaye shi wa yake zama a gurbin yanzu. Ya ce shi, amma bai taɓa jingina ba, yana jin nauyi. Na ce ya zauna in gani. Ya zauna, ya ja baya a hankali, kafaɗarsa ta shige lotsawar kamar an auna.

Na ɗauki kwandon na fita da shi. Na zagaya bayan masallaci na toshe wani rami da ruwan indararo ya ci a gindin katanga, inda babu gurbin kowa.